Ina ƙwarin damina suke shiga da rani? Tambayoyi da amsoshi kan homon saɓa da dogon kwancin ƙwari

Da an girbe gero an kai rumbu, iskar hunturu ta kaɗa, sai gona ta yi tsit kamar ba a taɓa ganin tsutsa a cikinta ba. Ruwan shuka na sauka, bayan 'yan makonni ga su nan sun dawo. Tsofaffi kan ce ruwa ne ke zuwa da su. Gaskiyar ita ce yawancinsu suna nan tare da mu tun kaka, wasu a cikin ƙasa, wasu a cikin karan da muka yi danga da shi. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi abin da ke kwantar da su da abin da ke tada su.

Mene ne wannan dogon kwanci, kuma da me ya bambanta da barci?

Masana suna kiransa dayafos. Tsayawar girma ce da jikin ƙwaro yake shirya wa tun kafin wahala ta iso. Ƙwaron da sanyin asuba ya sandarar, rana na fitowa zai miƙe ya kama gabansa, wannan lafawa ce kawai. Mai dogon kwanci kuwa ko ka ɗauke shi ka kai shi wuri mai ɗumi da abinci, ba zai motsa ba sai wa'adin da jikinsa ya ɗiba ya cika. Tun abinci na nan jingim yake fara tara kitse, ya nemi maɓoya, ya rage numfashi.

Kowane irin ƙwaro da matakin da yake kwanciya a kai. Wani a ƙwai, wani yana tsutsa, wani a cikin kwanso (matakin da ke tsakanin tsutsa da ƙwaro mai fiffike), wani kuma bayan ya girma, sai dai ya dakatar da haihuwa.

Me ya haɗa saɓa da kwanci?

Ƙwaro ba shi da ƙashi a ciki, fatarsa mai tauri ita ce ƙashinsa, kuma ba ta buɗewa yadda ta mutum take yi. In zai girma dole ya yi saɓa kamar maciji, ya tuɓe tsohuwar fata ya fito da sabuwa. Komai na rayuwarsa a kan saɓa yake tafiya: daga ƙaramar tsutsa zuwa babba, daga tsutsa zuwa kwanso, daga kwanso zuwa mai fiffike. Duk abin da ya tsayar da saɓa ya tsayar da rayuwar a inda take.

Homon uku ne ke riƙe da wannan aiki, wato sinadaran da jiki ke zubawa a jini su kai umarni wani sashe. Na farko saƙo ne daga ƙwaƙwalwa, ana taƙaita sunansa da PTTH. Yana bin jini ya isa wata 'yar matata da ke ƙirjin tsutsa. Na ce matata, kamar matatar mai, da gangan, domin aikinta ke nan: ƙwaro ba ya iya ƙera kolestarol, wani nau'in kitse, da kansa, daga abinci yake samun ɗanyen kayan, matatar ta sarrafa shi ya koma ekdaison, wato homon saɓa. Sauran sassan jiki su ƙara masa gyara ya zama nau'in da ke aiki sosai, wanda ake kira 20E, shi ne ke shiga ƙwayoyin halitta ya umarce su da su fara gina sabuwar fata. Na uku shi ne homon ƙuruciya, daga wasu 'yan tagwayen matatu a bayan ƙwaƙwalwa. Shi ba ya sa a yi saɓa, yana faɗin irin saɓar da za a yi ne. In yana da yawa, tsutsa ta saɓe ta fito tsutsa. In ya janye, sai ta wuce mataki na gaba.

Yaya aka yi aka gano haka a jikin abin da bai kai ɗan yatsa ba?

Da zare da reza da haƙuri. A 1922 wani masani ɗan ƙasar Folan, Stefan Kopeć, ya wallafa abin da ya gani bayan ya riƙa ɗaure tsutsotsi da zare a tsakiyar jiki, wasu kuma ya cire musu ƙwaƙwalwa. Ɓangaren da ke da kai ya rikiɗa, na baya ya tsaya yadda yake. Ya ce lallai akwai wani abu da ƙwaƙwalwa ke zubawa a jini. A shekarun 1930 Vincent Wigglesworth na Ingila ya yi irin wannan da wani ƙwaro mai shan jini na Kudancin Amurka, Rhodnius. In ya datse kan ƙwaron jim kaɗan bayan ya sha jini, ba ya saɓa, amma yana iya rayuwa fiye da shekara ba kai. In ya jinkirta 'yan kwanaki kafin ya datse, saɓa na faruwa, domin saƙon ya riga ya fita. A 1940 Soichi Fukuda na Japan ya nuna matatar ƙirji a tsutsar siliki.

Wanda ya ɗaure wannan duka da dogon kwanci shi ne Carroll Williams na Jami'ar Harvard, daga tsakiyar shekarun 1940. Ya yi aiki da wani ƙaton malam-buɗe-littafin dare na Arewacin Amurka mai suna sekrofiya, wanda ke cinye lokacin sanyi a kwanso. In aka bar kwanson a ɗaki mai ɗumi, sai ya yi watanni yana kwance. In aka sa shi a firiji na makonni da dama sannan aka fito da shi, sai ya farka ya rikiɗa. Williams ya ciro ƙwaƙwalwar wanda ya sha sanyi ya dasa ta a jikin wanda bai sha ba, sai na biyun ya farka. Ya cire wa wani ƙwaƙwalwa ɗungurungum, shi kuma ya kwanta har ya mutu bai rikiɗa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a aikinsa shi ne da ya yanke ƙarshen jikin kwanso, ciki zalla, ya toshe bakin yankan. Ya dasa masa ƙwaƙwalwa mai sanyi, shiru. Da ya haɗa masa da matatar ƙirji, sai wannan guntun ciki ya rikiɗa ya zama cikin babbar mace, ba kai ba ƙirji, har ya yi ƙwai.

Shi kansa homon saɓar sai a 1954 aka riƙe shi a hannu. Adolf Butenandt da Peter Karlson a Jamus suka tace kilo 500 na kwanson tsutsar siliki, suka samu miligiram 25 kacal. Rabin tan ke nan aka matse don a samu abin da bai kai nauyin ƙwayar dawa biyu ba.

To a lokacin kwanci, me ake kashewa takamaimai?

A ƙwarin da ke kwanciya a kwanso, ƙwaƙwalwa ce ke riƙe PTTH ta ƙi sakinsa. Ba saƙo, matatar ƙirji ta yi shiru, ekdaison ya ƙafe a jini, ƙwayoyin halittar da za su zama fiffike da ido da ƙafa su daina rabuwa. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce in aka yi wa irin wannan kwanso allurar ekdaison, yakan tashi ya ci gaba da rikiɗa ko da wa'adinsa bai yi ba. Kayan aikin duk suna nan lafiya, umarni ne kawai aka hana. A wasu ƙwarin matatar da kanta takan taurare, ko saƙon ya zo ba ta amsawa sai an kai wani matakin zafi.

Haka abin yake a kowane ƙwaro?

A'a, kuma a nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa, domin littattafan makaranta sukan tsaya a labarin sekrofiya kamar shi ke nan.

Tsutsotsin da ke huda kara suna da tasu hanyar. A wasunsu, kamar mai huda karan shinkafa ta Asiya da wata mai huda karan masara a kudancin ƙasar Amurka, homon ƙuruciya ne ke ƙin sauka a lokacin da ya kamata ya janye. Yana danne fitar saƙon ƙwaƙwalwa, kuma in ɗan ekdaison ya kuɓuce tsutsar ta yi saɓa, tsutsa take sake fitowa, ba ta ƙaru ba ba ta wuce gaba ba. Ana kiran wannan saɓar tsaye.

A babban ƙwaro an riga an gama saɓa, matatar ƙirjin ma ta shanye a yawancinsu. Kwancinsa na haihuwa ne, kuma rashin homon ƙuruciya ke kawo shi, domin a wannan mataki shi ke sa ƙwai ya nuna a cikin mace. Jan de Wilde a Holan ya nuna haka a ƙwaron dankalin turawa: cire masa tagwayen matatun nan, sai ya bar ci ya tone ƙasa ya shige kamar sanyi ya zo. Malam-buɗe-littafin nan mai ƙaura daga Kanada da Amurka zuwa dazukan Meziko ma da haihuwa a dakace yake yin tafiyar.

Tsutsar siliki kuwa a ƙwai take kwanciya, kuma uwa ce ke yanke hukuncin. Akwai homon kwanci na musamman da ke fita daga wani ƙullin jijiya a ƙarƙashin maƙogwaron uwar, Fukuda da Kinsaku Hasegawa suka gano shi kowa daban a 1951. In ya shiga ƙwan tun yana ciki, ƙwan zai yi duhu bayan an zuba shi, ya juya sitacin da ya tara ya koma wasu sinadarai masu kare shi daga sanyi, ya tsaya. Abin dariyar shi ne, dangin wannan homon a jikin tsutsar auduga, Helicoverpa, tada kwanso yake yi daga kwanci. Akwai ma ƙwaron da Kopeć ya yi aiki da shi, wanda 'yar tsutsarsa ke kwance a cikin ƙwai saboda homon saɓa ya yi yawa, sai ya ragu take farkawa. Kayan aiki ɗaya ne, kowane dangi da yadda ya ɗaura su.

Wa ke gaya wa ƙwaƙwalwa lokaci ya yi?

A ƙasashen sanyi tsawon yini ne babban ma'auni, domin shi kaɗai ne ba ya saɓa alkawari daga shekara zuwa shekara. Ƙwaƙwalwar ƙwaro na da agogo na ciki da ke auna tsawon dare, ta riƙa ƙirga dararen da suka wuce wani iyaka. Sau da yawa ana yin ƙirgar tun ƙwaron yana ƙarami, a ajiye sakamakon, sai ya kai matakin kwanso a zartar. David Denlinger na Jami'ar Jihar Ohio ya shafe shekaru yana nazarin ƙudan nama a kan wannan: hasken da ɗan tayi ya gani tun yana cikin uwarsa yana daga abin da ke yanke ko zai kwanta.

A wajenmu lissafin ya ɗan sauya. A Kano, tsakanin yini mafi tsawo a watan Yuni da mafi gajarta a Disamba bai wuce kusan awa ɗaya da rabi ba. Abokin gabar ƙwaro a nan fari ne da rashin ɗanyen ganye. Don haka bushewar abinci, tsufan shukar da tsutsa ke ci, raguwar laima da sauyin zafi suna da babban rabo a alamomin da ƙwarinmu ke karantawa, ko da yake wasu suna jin ɗan wannan bambancin na yini.

Wane misali manomin gero da dawa zai gani da idonsa?

Tsutsar zangarniyar gero, wadda ke bin zangarniya tana zana mata layi mai murɗewa tana yanke furanni, sau ɗaya tak take haihuwa a shekara. In ta ƙoshi a ƙarshen damina sai ta sauko ta shige ƙasa ta zama kwanso, ta kwanta a nan duk tsawon rani. Bayan ruwan farko mai ƙarfi da kamar wata guda, manyan su fito, daidai lokacin da geron da aka shuka da wuri ke fitar da kai. Wannan daidaito ba sa'a ba ce, dogon kwancin ne ya saita ta da kalandar gero. Sunanta na kimiyya Heliocheilus albipunctella, kuma tun farin farkon shekarun 1970 ta zama babbar annoba a yankin Sahel.

Mai huda karan dawa, Busseola fusca, da mai huda karan gero, Coniesta ignefusalis, su a cikin karan suke kwanciya suna tsutsa. Tsaga busasshen kara a watan Maris za ka iya samunta, ta yi fari fat, ɗigo-ɗigon jikinta sun dushe, ba ta ci ba ta sha. Mu kuma mu kwashe karan mu jingine a jikin bishiya, mu yi danga, mu yi rumfa, mu ajiye na girki. Wato mu ne ke yi mata ɗakin rani, a inuwa ma. A Samaru ta Zariya an nuna tun wajen 1980 cewa babbaka karan dawa sama-sama bayan girbi, yadda ganyen zai ƙone karan ya tsira, yana kashe mafi yawan tsutsotsin, karan kuma ya ci gaba da amfani. Shimfiɗa kara a kwance a fili rana ta gasa shi ma yana rage su sosai fiye da tara shi a tsaye. Ni a ganina wannan ya fi feshin da ake yi bayan tsutsa ta riga ta shige cikin kara, inda magani ba ya kai mata.

Fara ma haka. Farar nan ta Sahel, Oedaleus senegalensis, ƙwan da ta binne a ƙarshen damina yana kwanciya a ƙasa har ruwan baɗi.

Me ke tada su?

Mataki biyu ne. Da farko wa'adin ciki ya cika, ƙwaƙwalwa ta dawo da ikon sakin saƙonta. A ƙasashen sanyi sanyin da kansa ne ke cika wa'adin, shi ya sa firijin Williams ya yi aiki. Daga nan ƙwaron ya zauna a shirye yana jiran alama ta ƙarshe, ɗumi a can, laima a nan. A mai huda karan dawa an nuna cewa jiƙewar jikin tsutsar da ruwa na sa ta shiga kwanso. Da alamar ta zo, PTTH ya fita, ekdaison ya hau, rikiɗa ta kama. Amfanin matakin farko a bayyane yake: yayyafin da ya ɓata hanya ya sauka tsakiyar rani ba zai yaudari kowa ya fito ya tarar da fako ba.

Masu kiwon tsutsar siliki sun daɗe da sanin dabarar tsallake wannan. Suna tsoma sabon ƙwai a ruwan asid na ɗan lokaci, sai ya ƙyanƙyashe ba tare da ya kwanta ba.

Har tsawon wane lokaci ƙwaro zai iya kwanciya?

Yawanci watanni. Amma a cikin 'ya'yan uwa ɗaya akan samu waɗanda suka zarce shekara biyu ko uku, kamar manomin da ba ya zuba irinsa duka a shuka ɗaya. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafin dare na hamadar Amurka da ke rayuwa a jikin shukar yuka, an ga ya fito bayan shekara 19, wasu ma bayan 30. A rumbu da sito kuma akwai ƙwaron kafra, wanda tsutsarsa ke maƙalewa a tsagar bango ko ɗinkin buhu ta yi shekaru tana jiran sabon hatsi ko gyaɗa. Shi ya sa share sito sama-sama ba ya raba mutum da shi.

Na ji an ce akwai tsutsa a arewacin Najeriya da ke bushewa ƙayau ta dawo da rai. Ita ma homon ne?

Akwai ta, kuma ita ba homon saɓa ke tafiyar da ita ba. Tsutsar wani ɗan ƙuda ce mai kama da sauro amma ba ya cizo, Polypedilum vanderplanki, da ke zaune a 'yan kwarmin duwatsu inda ruwan sama ke taruwa. H. E. Hinton ya bayyana ta a 1951. In kwarmin ya ƙafe, tana bushewa har ruwan jikinta ya koma kamar kashi 3 cikin 100, bayan ta cika jikinta da wani sukari mai suna tirehalos da ke daskarar da ƙwayoyin halitta kamar gilashi. Zuba mata ruwa, cikin kamar awa guda ta fara motsi. An farfaɗo da wasu bayan shekara 17 a bushe. Masu bincike a Japan sun cire wa wasu kai suka busar da su, suka kuma farfaɗo, wanda ya nuna ba ta jiran umarnin ƙwaƙwalwa.

Sauro fa, ina yake shiga da rani?

A wani ƙauye a Mali masu bincike sun shafa wa sauron zazzaɓin cizon sauro alama a ƙarshen damina suka sake su. Bayan wata bakwai, da ruwa ya dawo, suka kama mace ɗaya da alamarta, alhali sauron damina 'yan makonni yake yi a duniya. An wallafa wannan a 2010. A sauron gida na ƙasashen sanyi, Culex pipiens, an san yadda abin yake: gajeren yini na rage homon ƙuruciya da saƙon insulin, macen ta bar neman jini ta koma shan ruwan fure, ta tara kitse ta ɓuya.

Tsutsar masara da ta addabe mu tun 2016 ita ma tana kwanciya?

Ba ta yi. Spodoptera frugiperda daga nahiyar Amurka ta zo, an fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016, har da kudu maso yammacin Najeriya. Da yake ba ta da dogon kwanci, dole ta samu ɗanyen ganye duk shekara, sai ta koma masarar fadama da ta noman rani, ko manyan su yi tafiya mai nisa da iska.

An yi amfani da wannan ilimi wajen haɗa maganin ƙwari?

Sosai. Akwai magunguna irin su tebufenozide da methoxyfenozide da ke kwaikwayon homon saɓa. Tsutsa ta ci, jikinta ya ɗauka umarnin saɓa ya zo, ta daina ci ta fara tuɓe fata ba shiri, ta maƙale a tsakani ta mutu. Akwai masu kwaikwayon homon ƙuruciya, methoprene da pyriproxyfen, masu hana tsutsa zama babba. Na biyun har a wasu gidajen sauro ake sa shi don ya hana macen yin ƙwai mai kyau. Mutum da dabbobin gida ba su da makarɓar homon saɓa a jikinsu, wannan na daga abin da ya sa irin waɗannan suka fi tsofaffin magungunan feshi sauƙi a kanmu, ko da yake ƙa'idar da ke jikin kwalba tana nan daram.

Sai kuma wanda ke ƙofar gidan kowa, dogon yaro, ko darbejiya, ko bedi. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa farin dango sun cinye komai sun bar wannan bishiya. A 1968 aka ware sinadarin azadiraktin daga 'ya'yanta. Ban da hana ƙwaro ci, yana toshe fitar saƙon ƙwaƙwalwa zuwa matatar ƙirji, saɓa ta rikice. Shi ya sa mai fesa ruwan 'ya'yan dogon yaro ba ya ganin tsutsa ta faɗi nan take, sai bayan kwanaki, har wasu su ce bai yi aiki ba.

Me zai hana a tada su tsakiyar rani su fito su mutu?

A ɗakin bincike an yi. Denlinger da abokan aikinsa sun haɗa sinadarai masu kwaikwayon homon kwancin nan, waɗanda ke tada kwanson tsutsar Helicoverpa kafin lokaci ko su hana ta shiga kwancin tun farko. Wahalar ita ce isar da maganin ga abin da ke binne a ƙasa ko a tsakiyar kara, wanda ba ya ci ba ya sha, numfashinsa ma ƙalilan ne. Wannan ne ma ya sa mai kwanci ya fi jure feshi da hayaƙin sito.

Don haka a gonar gero aka bi ta wata hanyar, a tare tsutsar kafin ta sauka ƙasa. A Nijar, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar, a Maraɗi tare da ƙungiyoyin manoma suna kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor, a cikin ƙananan buhunan algarara da aka zuba wa gero da tsutsar sito. Ana rataye buhunan a ƙauye lokacin da gero ke fitar da kai. Zanzaron ya fito ta ramukan buhun, ya nemo tsutsar zangarniya, ya harbe ta ta sandare, ya zuba ƙwansa a jikinta.